Yadda Ake Kilishi Mai Yaji a Gida a Zangon Lome

Kilishi abincin ƙasar busasshiyar iska ne. A Madawa ta Nijar ko unguwar Agadasawa ta Kano, mahauci kan shimfiɗa nama da hantsi a lokacin bazara, kafin la'asar ya bushe ƙamas, domin iskar da kanta take tsotse ruwan. Lome ba haka take ba. Ruwan samanta bai kai na yawancin biranen gaɓar teku ba, matsakaicinsa a shekara bai cika milimita 1,000 ba, amma laimar da ke cikin iska takan haura kashi 80 cikin ɗari, musamman da dare da asuba. Ko da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar birni a 1977 aka mai da jama'a Agwe, can arewa a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso, nisa kaɗan aka yi da teku. Laimar ta biyo mutane, ga kuma fadamar kogin Zio a kusa.

Saboda haka, uwargida, idan kika bi tsarin mutanen Arewa ido rufe, naman zai yi yauƙi kafin ya bushe. Abin da iska ke yi musu kyauta, ke sai kin nemo shi da kaifin wuƙa, da sammako, da garwashi. Aikin na kwana biyu ne, ban da shirin jajibiri. Ma'aunin da ke ƙasa na naman sa kilo 2 ne, wanda zai ba ki kilishi kusan kilo 1. Kada ki wuce haka a karon farko.

JAJIBIRI

1. Ki dubi sama kafin ki dubi kasuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar arewa ke saukowa har bakin teku. Maris ma ba laifi, akwai rana mai zafi. Babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli, da ƙaramarta ta Satumba zuwa Nuwamba, ba lokacin shanya ba ne. Agusta na yaudarar mutane: ruwa ya ɗauke, amma gari a lumshe yake, ga sanyi. A 'yan shekarun nan layya tana faɗowa tsakanin Mayu da Yuni, wato tsakiyar damina. Idan naman layya za ki yi da shi, ki karanta mataki na 11 tun yanzu.

2. Ki tara kayan aiki wuri ɗaya. Kina bukatar wuƙa doguwa marar kauri da dutsen wasa ta, da katakon yanka, da baho mai faɗi, da turmi da taɓarya, da rariya mai laushi. Na shanya kuma, asabari ko raga ta waya da ba ta yi tsatsa ba, da tsohon gidan sauro wankakke wanda ba a sa wa magani ba. Sai kurfoti da gawayi mai kyau da ragar gashi. Kada ki yi shanya a tire ko a kwanon rufi. Ƙarfe shafaffe ba ya barin iska ta bi ta ƙasa, sai saman naman ya bushe ƙasansa na jiƙe.

3. Ki nemi tunkuza giram 600. Wurin masu ƙuli-ƙuli za ki je, ki ce su ɗebar miki bayan sun matse mai, kafin su murza su soya. Ki shinshina, ki ɗanɗana. Idan kika ji ɗaci ko warin daɗewa, ki bar musu abinsu. Gyaɗar da ta sha laima tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da gubar aflatoksin mai illata hanta, wadda wutar gashi ba ta kashe ta.

4. Idan ba a samu tunkuza ba, ki yi da kanki. Ki tsince gyaɗa kilo 1, ki zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse. Ki soya sama-sama, ki murje, ki fece, ki kai inji a niƙa miki da laushi. Ki zuba a turmi ki riƙa juyawa da taɓarya, kina ɗiga tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan, har mai ya taso ya rabu. Ki kwashe man, ki matse tunkuzar da hannu iya ƙarfinki. Wasu kan daka ƙuli-ƙuli su tankaɗe a madadinta. Yana yi, sai dai an riga an soya shi sau ɗaya, don haka yana saurin ƙonewa wurin gashi.

5. Ki daka busassun kayan yaji. Barkono cokali 4 na cin abinci, busasshiyar citta cokali 2, masoro cokali 1, kanumfari ƙaramin cokali 1, kimba guda 2. Idan akwai fasaƙwari, ki jefa ɗan guntu. A Lome kayan yaji kan yi sanyi a hannun 'yan kasuwa, saboda haka ki ɗan ɗumama su a busasshen kasko minti biyu kafin daka, za ki ji ƙamshin ya farka. Ki cire 'ya'yan kimba, ɓawon ake so, 'ya'yan ɗaci gare su. Kanumfari kuma kada ki ƙara a kan abin da aka faɗa, yana danne kowa. Ki tankaɗe, ki rufe a kwalba.

RANA TA FARKO

6. Ki isa wurin mahauci da an idar da sallar asuba. Naman da aka yanka a daren ko da sassafen ake so, ja jawur, ba ya wari, ba ya naso. Ki ce masa, "Malam, tsokar cinya nake so, ta kilishi, guda-guda, kada a sare mini." Ya san abin da kike nufi. Kada ki yarda da ƙwauri ko wuya ko haƙarƙari, jijiya da kitse sun yi musu yawa. Shanun da ake yankawa a Lome yawancinsu daga arewa ake gangaro da su zuwa karar Adetikope, kuma ba su cika kitse a cikin tsoka ba. Wannan alheri ne ga mai kilishi. Ki dawo gida kai tsaye, cefanen miya ya jira.

7. Ki gyara naman kafin ƙarfe bakwai. Ki wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu. Naman kuwa kada ki jiƙa shi, ki goge shi da tsabtataccen ƙyalle kawai, domin duk ruwan da kika ƙara masa ke za ki sha wahalar fitar da shi. Ki feɗe farin tantanin da ke bayansa, ki zare jijiyoyi, ki yanke kitse har ɗan mitsitsi. Kitse ba ya bushewa, shi ne ke fara wari bayan kwanaki. Daga nan ki raba tsokar gunduwa-gunduwa, kowace girman dunƙulen hannunki. Idan kina da firiza, ki sa gunduwoyin minti 40 su ɗan sandare. Wuƙa ta fi bin su a haka, musamman ga wanda hannunsa bai saba ba.

8. Yanzu sai yanka falle, kuma a nan ne kilishi ke gyaruwa ko ya lalace. Ki zauna, ki natsu, ki wasa wuƙa. Ki ɗora gunduwa a katako, ki danne ta da tafin hannun hagu, yatsunki a miƙe sama. Ki kwantar da wuƙar, ki shiga ta ƙasan gunduwar kusa da katako, kina bin tsawon zaren naman. Kada ki fita ta ɗaya gefen. Idan kin kusa kaiwa ƙarshe ki tsaya, ki mirgina gunduwar baya, ki sake shiga da wuƙa daga inda kika tsaya. Haka za ki yi ta yi, gunduwar na ƙanƙancewa fallen na tsawo, kamar ana warware rawani.

Kaurin da ake nema milimita 2 ne, in ya yi yawa 3. Ki ɗaga fallen ki duba ta wajen haske: idan kina ganin inuwar yatsunki ta bayansa, ya yi. Inda ya yi tudu, ki kwantar da wuƙa ki rage. Fallayenki na farko za su huje, wasu su tsinke, kada wannan ya dame ki. Hujajjen falle yana bushewa lafiya, mai kauri ne ke ruɓewa. Mahautan Madawa kan fitar da falle mai tsawon hannu daga gunduwa ɗaya, amma shekaru suka yi suna yi. Ke in kin samu mai faɗin tafin hannu biyu, ya wadatar. Bayan kowace gunduwa uku ki sake wasa wuƙar. Dakusasshiyar wuƙa ita ke sa mutum dannawa da ƙarfi, dannawar kuma ita ke kai wuƙa ga yatsa.

9. Ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali 2 a kan fallayen gaba ɗaya, ki shafa sama-sama. A Arewa da yawa ba sa yin wannan, sai a cikin labu, wato damun tunkuza da yaji da ake tsoma naman a ciki, suke sa gishirinsu. A nan yana da amfani, domin yana jawo ruwan naman waje, yana kuma rage wa ƙwayoyin cuta hanzari a sa'o'in farko, lokacin da naman ya fi haɗari. Bayan minti goma ki dangwale ruwan da ya tsattsafo da ƙyalle.

10. Ki shanya da misalin ƙarfe tara, bayan raɓa ta kau. Ki ɗora asabarin a kan benci biyu ko duwatsu, ya yi sama da ƙasa aƙalla zuwa gwiwa, a inda rana ke duka iska kuma na wucewa. Saman bene ya fi tsakar gida. Ki miƙar da kowane falle sosai, kada wani ya hau wani, kada gefe ya naɗe. Ki kafa sanduna huɗu ki yafa gidan sauron, ya zama bai taɓa naman ba, domin ƙuda na iya yin ƙwai ta cikin ramin raga idan ta kwanta a jikinsa. Bayan awa biyu ki ɓamɓaro kowane falle a hankali ki juya. In kika bar shi ya manne, sai ya yage. Ki ƙara juyawa bayan azahar. Da an yi la'asar ki kwashe, ko ya gama ko bai gama ba. Daga wannan lokaci iskar teku ta riga ta shigo gari, abin da za ta ba naman laima ce.

Alamar ya yi: launinsa ya koma ja mai duhu, ya yi shara-shara, ya sandare, ba ya manne wa yatsa. In kin lanƙwasa shi yana turjewa.

11. Idan hadari ya haɗo, ko damina ce, ki koma ga wuta ba tare da jinkiri ba. Mai obin ta kunna shi a kan digiri 70 zuwa 80, ta jera fallayen a kan raga, ta saƙala cokalin katako a ƙofar don tururi ya riƙa fita. Awa uku zuwa huɗu yakan isa, ana juyawa kowace awa. Marar obin ta haɗa garwashi kaɗan a kurfoti, ta lulluɓe shi da toka, ta ɗaga ragar sama da shi kamu biyu ko fi. Zafin da ake so shi ne wanda za ki iya barin hannunki a wurin ragar ki ƙirga goma ba ki janye ba. Busarwa kike yi, ba gashi ba tukuna. Fanka na taimakawa ƙwarai idan akwai wuta. Abin da ba a yi shi ne a bar ɗanyen falle a ɗaki ana jiran rana ta fito gobe.

12. Ki kwanar da shi da dabara. Idan ya bushe sarai, ki jera shi a kwali ko ƙwarya, ki rufe da ƙyalle, ki kai ɗakin da ya fi bushewa. Idan da saura, ki bi da shi ta kan garwashi mai toka na rabin awa, ya huce, sannan ki sa a firji. Da safe ki shinshina kowane falle. Wanda ya yi yauƙi ko ya canza wari, ki jefar. Yaji yana ɓoye wari, amma ba ya gyara ruɓaɓɓen nama.

RANA TA BIYU

13. Ki dama labu da sassafe, kada ki kwana da shi a dame. Ki markaɗa manyan albasa 2 da tafarnuwa ƙwaya 6 su yi laushi sosai. Albasar Galmi, mai launin shunayya, ita ce ta fi ƙarfi, kuma ba ta wuyar samu a kasuwannin Lome. Ki farfasa tunkuzar a baho, ki zuba markaɗen, da garin yajin shekaranjiya, da gishiri cokali 1 da rabi, da dunƙule 4, da sukari cokali 1. Ki kawo ruwan da aka tafasa ya huce, wajen rabin lita, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina murzawa da hannu har gudaji su ɓace. Kada ki juye ruwan gaba ɗaya, albasar ma ruwa ce.

14. Ki gwada kaurinsa da ɗanɗanonsa. Ki tsoma cokali ki ɗaga: labun ya lulluɓe bayansa, ya zuba a hankali, in kin ja layi da yatsa layin ya tsaya. Ya cika ruwa, zai zube ya bar naman tsirara. Ya cika kauri, zai yi ɓawon da ke fashewa ya zube wurin gashi. A baki kuma ki tsaya tun gishirin bai kai yadda kike so ba, domin idan ruwan ya ƙafe komai zai ƙara ƙarfi. Yajin ne kaɗai za ki iya sakar wa hannu, tunkuza tana rage masa kaifi.

Sukarin da gangan aka rage shi. Kilishin kasuwa na yanzu wani har zaƙi yake yi, amma sukari na jawo laima, a Lome kuwa wannan neman fumfuna ne. Jan kala ma ban ga amfaninta a kilishin gida ba. Mai son ja ta daka busasshen tattasai cokali 2 ta ƙara, ga launi ga ƙamshi. Wadda ba ta son tunkuza kuma akwai rumuzu irin na Nijar, wanda man gyaɗa da gishiri da yaji kawai ake shafa masa, sai dai shi ba ya jure ajiya a nan.

15. Ki tsoma fallayen ɗaya bayan ɗaya. Ki nutsar da kowanne, ki shafa labun ciki da baya da yatsu, ki bar su a bahon minti 20 zuwa 30 su sha. Za ki ga sun yi laushi sun saki jiki. Kada su kai awa ɗaya, in ba haka ba duk busarwar jiya ta tashi a banza. Wurin cirewa ki zare kowane falle tsakanin yatsu biyu, abin da ya yi yawa ya koma baho. Labun da ya rage ya taɓa ɗanyen nama, saboda haka ko ki zuba shi a miyar ranar ya tafasa sosai, ko ki zubar.

16. Ki mayar da su shanya, a wankakken asabari, ƙarƙashin gidan sauro. Wannan karon ƙuda sun fi zuwa. Kada ki taɓa su sai saman ya yi fata, wato bayan awa biyu ko uku, sannan ki sa bakin wuƙa ta ƙasa ki ɗaga ki juya. Wasu kan yayyanka albasa sirara su manna a kai tun labun na ɗanye. Yana da kyau a ido, amma wurin da albasar ta kwanta shi ke riƙe danshi, don haka ki bar wannan sai wanda za a cinye a ranar. Zuwa ƙarfe uku ko huɗu labun ya kamata ya bushe, ya daina kama hannu, launinsa ya dushe.

17. Ki haɗa wuta tun kafin ki kwashe shanya. Gawayin ya ci ya zama garwashi, babu harshen wuta, babu hayaƙi. Kada ki tayar da shi da kananzir ko leda, warin yana shiga nama ya zauna. Ki baza garwashin, ki ɗora raga sama da shi kamu ɗaya. Ki shafa wa kowane falle man gyaɗa ɗan kaɗan, irin wanda kika matse daga tunkuzar in kina da shi.

18. Ki gasa, kuma kada ki matsa daga wurin. Falle biyu ko uku a lokaci guda sun isa. Ki riƙa juyawa duk bayan minti ɗaya, jimilla minti 5 zuwa 10 gwargwadon kaurinsa. Za ki ga maiƙo ya tsattsafo yana ƙyalli, launin ya koma ja mai duhu, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tashi. Nan ne wurin saukewa. Tsakanin gasuwa da ƙonewa ba nisa, tunkuza kuwa in ta ƙone ɗaci take yi. Wannan mataki ba na ƙamshi kaɗai ba ne. Rana busarwa ta yi, ba ta dafa ba, wutar nan ce ke kashe abin da ƙura da hannu suka bari. Ki yaga falle mafi kauri ki duba cikinsa: kada ki ga ja mai danshi. In kin gani, ki ɗaga ragar sama kaɗan ki ƙara masa lokaci.

19. Ki bar shi ya huce a kan raga, a sarari, aƙalla awa ɗaya. Da zafinsa yana da taushi, sai ya huce yake ƙarasa tauri. Kilishin da ya yi yana lanƙwasuwa kaɗan sannan ya tsage bisa zarensa, labun na manne da shi. Wanda ya lanƙwashe bai tsage ba da sauran ruwa, ki mayar da shi kan garwashi mai toka.

20. Ki naɗe shi a farar takarda mai tsabta, sannan ki sa a kwalba ko roba mai murfi da ke kamawa gam. Kada ki yi amfani da takardar buhun siminti ko jarida, kada kuma ki ɗaure shi da ɗumi a leda, gumi zai yi. A Agadas ko Sakkwato kilishi kan yi watanni a rataye. A Lome ki lissafa masa mako ɗaya zuwa biyu a ɗaki lokacin hunturu, da damina kuwa firji ne wurinsa, ko firiza in za a daɗe. Ki raba shi ƙunshi-ƙunshi, don kada a riƙa buɗe duka kullum laima na shiga. Duk bayan kwana uku ki duba. In ya yi sanyi ya saki, minti biyu a kan garwashi zai dawo da shi. In kika ga farin gashi-gashi ko ɗigon kore a jikinsa, wannan ƙunshin gaba ɗaya na zubarwa ne, kada ki kankare ki ba yara.